Yadda Ake Tantance Fomular da Aka Ce Ta Tona Sirrin Lambobin Fiziks

Tambayar ta yi yawa a saƙonnin da kuke turowa. Wani ya ci karo da bidiyo a Facebook ana cewa gudun haske yana ɓoye a dalar Masar. Wani ɗalibi ya turo hoton takarda, ya ce shi da kansa ya haɗa π da wasu lambobi ya fito da 137, wata fitacciyar lamba a fiziks, yana so a gaya masa inda zai kai aikin. Wani kuma ya karanta cewa akwai wata sura ta lissafi mai suna E8 da ta ƙunshi dukkan ƙwayoyin da aka gina duniya da su. Duk tambayar guda ce: ta yaya mutum zai gane na ƙwarai da na bogi?

Ga hanyar da ake bi. Ka bi matakan a jere, domin na farko-farkon ba sa cin lokaci kuma su ne ke kayar da mafi yawan iƙirari. Babu dalilin ka kwana kana lissafi a kan abin da minti biyar ya isa ka gane ba shi da tushe.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Kana buƙatar kalkuleta mai alamar √ da π da maɓallin xʸ, wadda ke nuna aƙalla lambobi goma. Ta wayarka ta isa, galibi idan ka kwantar da wayar a gicciye maɓallan za su fito. Sai littafi da biro. Sai shafuka biyu na intanet, duka kyauta: jadawalin CODATA da ke shafin hukumar NIST ta Amurka, inda ake samun lambobin asali irin su alfa (bayaninta na mataki na 2) da gudun haske, da kuma shafin Particle Data Group, inda ake samun nauyin ƙwayoyi. Don mataki na 4 za ka so Excel ko Python, amma ko babu su akwai yadda za a yi kiyasi da hannu. Kuɗin data ne kaɗai zai fita daga aljihunka.

Gargaɗi: kada ka ɗauki lambar gwaji daga takardar mai iƙirarin. Sau da yawa yakan datse ta daidai inda ta fara saɓa wa fomularsa, ko ya ɗauko tsohon awo da ya fi yi masa daɗi. Je ka ɗauko ta da kanka.

1. Rubuta iƙirarin a layi ɗaya

Takarda ce mai shafi arba'in ko bidiyo na awa guda, ka matse shi ya dawo haka: wannan lambar da aka auna daidai take da wannan fomular. Misali, nauyin furoton idan aka raba shi da na ilektiron daidai yake da 6π⁵. In ka yi iya ƙoƙarinka layin ya ƙi fitowa, sai dogon bayani a kan daidaito da kyawun halitta, to babu abin gwadawa. Ka tsaya nan.

2. Duba ko lambar tana ɗauke da ma'auni

Wannan ne mafi saurin mataki. Gudun haske mita 299,792,458 ne a daƙiƙa, kuma gaskiya ne layin taswira na digiri 29.9792 arewa ya ratsa ta babbar dalar Giza. Kamannin yana ɗaukar ido. To sauya ma'aunin: a mil, gudun haske 186,282 ne a daƙiƙa, kamannin ya ɓace nan take. Mita dai a Faransa aka ƙirƙiro ta a shekarun 1790, dubban shekaru bayan an gina dalar, raba da'ira gida 360 ma al'ada ce ta mutane. Lambar da ke canjawa idan an canja abin awo ba ta da wani sirri a cikin alƙalumanta.

Abin da ya cancanci a ɓata masa lokaci shi ne lamba tsura, wadda ba mita ba kilo ba daƙiƙa a jikinta, wato wadda ake samu in an raba abu da irinsa. Fitattu biyu su ne alfa, mai nuna ƙarfin jan da ke tsakanin ƙwayoyi masu cajin lantarki, wadda take kusan 1 bisa 137.036, da kuma rabon nauyin furoton da ilektiron, kusan 1836.15.

Gargaɗi: wasu na haɗa π da nauyin ƙwaya a ma'aunin MeV su ce sun dace. MeV ma ma'auni ne na mutane. Sai an raba nauyi da nauyi kafin a fara magana.

3. Lissafa da kanka, ka auna gibin da kuskuren awo

A nan mutane suka fi ruɗewa. Suna ganin an dace da kashi 99.99 cikin ɗari sai su ce ai magana ta ƙare. Ba da kashi cikin ɗari ake hukunci ba. Kowace lambar da aka samu ta hanyar awo a jadawalin CODATA tana zuwa da tazarar kuskurenta, wato iyakar abin da masu awo ba su tabbatar ba. Aikinka shi ne ka cire amsar fomula daga lambar da aka auna, ka raba gibin da wannan tazarar. In amsar ta kasance 1 ko 2, fomular tana raye. In ta haura 5, akwai matsala. In ta kai ɗaruruwa, ta mutu.

Gwada da 6π⁵. Danna π, xʸ, 5, za ka ga 306.01968. Ninka da 6, ka samu 1836.11811. A 1951 wani masani mai suna Friedrich Lenz ya aika wa mujallar Physical Review ɗan gajeren saƙo yana nuna wannan dacewar, kuma a lokacin ba laifinsa ba ne, don awon zamanin bai iya bambance su ba. Yau lambar da aka auna ita ce 1836.15267. Gibin 0.0346 ne, ga ido ba komai ba. Amma kuskuren awon na yanzu yana can wajen lamba ta takwas bayan ɗigo, don haka gibin ya ninka shi kusan sau miliyan. Kama da wane ba ta wane.

Haka za ka yi wa wata da ke yawo sosai: 4π³ + π² + π. Kashi na farko 124.02511, na biyu 9.86960, na uku 3.14159, jimla 137.03630. Abin da aka auna 137.035999 ne. Gibin 0.0003, kuskuren awo kuwa kusan 0.00000002. Raba ka gani, ya haura dubu goma.

Gargaɗi: idan mai fomula ya ce ai ɗan gibin da ya rage gyara ne da za a lissafo daga baya, tambaye shi girman gyaran da inda zai fito. A fiziks na gaske akwai irin waɗannan ƙananan gyare-gyare, amma ana lissafo su ne daga nazariyyar, ba a ƙirƙiro su don cike rami ba. Arthur Eddington, babban masanin taurari na Ingila, ya kafa hujja a 1929 cewa lambar dole ta zama 136 cif. Da awo ya karkata zuwa 137 sai ya sake hujjar ta ba da 137. Lambar ba 136 ba ce, ba kuma 137 cif ba ce.

4. Ƙirga yawan fomulolin da aka iya gwadawa

A ganina wannan matakin ya fi sauran muhimmanci, shi ne kuma wanda kusan kowa ke tsallakewa. Mai fomula yana nuna maka wadda ta dace, ba ya nuna maka ɗaruruwan da ya gwada ya zubar. Kai ne za ka ƙirgo masa su.

Ɗauki waccan ta alfa. Siffarta ita ce aπ³ + bπ² + cπ, inda a da b da c ƙananan lambobi ne. Bar kowannensu ya tashi daga 0 zuwa 20. Haɗuwar da za a iya yi ita ce 21 sau 21 sau 21, wato 9,261. Sa kwamfuta ta lissafa su duka, ta jera daga ƙarami zuwa babba, sannan ka duba nawa ne suka faɗo tsakanin 137 da 138. Za ka samu tara. Tagar da ake nema kuwa faɗinta 0.0006 ne, wato 0.0003 ta kowane gefe. Tara sau 0.0006 ya ba da kusan 0.005, damar dacewa 1 cikin 200 ke nan.

Wani zai ce ai 1 cikin 200 ba ƙaramin abu ba ne. Haka ne, da a ce wannan siffar kaɗai aka yarda a gwada. To ba da izinin ragi, a bar a da b da c su tashi daga −20 zuwa 20. Yanzu sama da hamsin ne ke faɗowa a wannan tazarar, damar ta dawo kusan 1 cikin 30. Ƙara izinin a sa lambar e (kusan 2.718) a madadin π, ko √2, ko a yi rabawa, ko a kai π⁴. Sannan ka tuna ba alfa kaɗai ake farauta ba: babbar nazariyyar ƙwayoyi da masana ke aiki da ita a yau tana da lambobi 19 da awo ne kaɗai ke ba da su, ban da na ƙwayoyin nan masu suna nutirino. Kowacce aka dace da ita, murna za a yi. In ka tara duka wannan, abin mamaki shi ne mutum ya yi mako yana nema bai samu komai ba.

Hanyar gaggawa in babu kwamfuta: ƙirga alƙaluman da mai fomula ya zaɓa da hannunsa, har da kowace alamar tarawa ko ninkawa da kowace lamba ta musamman irin π, ka kwatanta da yawan alƙaluman da ya dace da su. In ya zuba zaɓi bakwai ya kwashi alƙaluma shida, cinikin bai yi riba ba.

Akwai kuma gwajin da nake so kowa ya yi sau ɗaya. Ƙirƙiri lambar banza, ka ce shekarar haihuwarka a raba da 13.7, ka sa shirin naka ya nemo mata fomula. Zai samo. Daga ranar ba za ka ƙara rawar jiki a kan dacewar alƙaluma biyar ba.

Gargaɗi: kada ka faɗaɗa iyakar a, b, c bayan ka ga sakamako. Yanke iyakar tun farko, ka rubuta ta, sannan ka kunna shirin.

5. Tambayi a wane matakin makamashi

Alfa ba a tsaye take ba. 1 bisa 137.036 ƙimarta ce a ƙaramin makamashi. Idan aka yi karon ƙwayoyi da ƙarfin da ya kai nauyin ƙwayar Z, wajen GeV 91 (GeV ɗaya MeV dubu ne), sai ta dawo kusan 1 bisa 128. Nauyin kwak, ƙananan ƙwayoyin da furoton ya ƙunsa, ma haka yake sauyawa. Duk wanda ya ce 137 lamba ce da aka gina duniya a kanta, sai ya bayyana dalilin da ya sa ta wannan matakin ce mai sirrin ba ta wancan ba.

6. In an ce daidaiton fasali ne, nemi abubuwa uku

Daidaiton fasali a lissafi yana da ma'ana takamaimai: ka yi wa abu wani sauyi, wani abu a jikinsa ya ƙi sauyawa. Wanda ya san hatimi mai gida tara ya riga ya san wannan. Layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Juya shi rubu'in da'ira, ko ka kalle shi a madubi, siffofi takwas za ka samu, kuma a kowacce jimlar kowane layi 15 ce. Malamin Katsina Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake gina irin waɗannan murabba'ai masu gidaje mara.

Tambaya ta farko ke nan ga mai nazariyya: wane sauyi ake yi, mene ne kuma ba ya sauyawa? In amsarsa zane ne mai kyau kawai, bai amsa ba.

Ta biyu: me daidaiton ya haifar? Emmy Noether ta tabbatar a 1918 cewa duk daidaiton da ake iya yin sauyinsa a hankali ba tare da tsalle ba yana zuwa da wani adadi da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Kasancewar dokokin fiziks na jiya su ne na yau, shi ya sa makamashi ba ya ɓacewa. Lura, juyin hatimi tsalle ne na rubu'i-rubu'i, wannan ƙa'idar ba ta hau kansa ba, kuma masu iƙirari da yawa suna cakuɗa nau'o'in biyu.

Ta uku ita ce mai zafi: gidajen da ke cikin tsarin, wa ke zaune a kowanne? Ga yadda abin yake in ya yi kyau. A farkon shekarun 1960 Murray Gell-Mann da Yuval Ne'eman, kowa a nasa ɓangaren, sun jera ƙwayoyi bisa wani daidaito mai suna SU(3). Wani rukuni ya fito a siffar dala mai gida goma: huɗu, uku, biyu, ɗaya. Tara an san su. Duba nauyinsu a Particle Data Group: layin huɗu kusan MeV 1232, layin uku kusan 1385, layin biyu kusan 1533. Cire su da kanka, tazara 153 da 148. Ƙara kimanin 147 a kan na ƙarshe, ka isa wajen 1680. A 1962 Gell-Mann ya faɗi cewa akwai ƙwaya a gidan da ya rage, ya faɗi cajinta da nauyinta. A 1964 aka gan ta a ɗakin gwaji na Brookhaven da ke jihar New York. Sunanta omega mai cajin ragi, nauyinta a awon yau 1672.

Ga kuma yadda yake in bai yi ba. A 2007 Garrett Lisi ya fitar da takarda yana ƙoƙarin zaunar da dukkan ƙwayoyi da ƙarfin jan ƙasa a cikin E8, tsari mai fuska 248. Zanen ya zaga duniya. Amma tun gwajin Chien-Shiung Wu da aka bayyana a 1957 an san cewa halitta tana bambanta hagu da dama a wajen ƙarfin nan mai rauni da ke sa wasu ƙwayoyi ruɓewa, kuma ilektiron da 'yan uwansa sun zo ne zuri'a uku. Jacques Distler da Skip Garibaldi sun nuna da hujjar lissafi cewa ba za a iya zaunar da su a E8 ta wannan hanyar a riƙe bambancin hagu da dama ba. Saboda haka duk nazariyyar daidaito da aka kawo maka, tambayi waɗannan biyun kai tsaye: ina zuri'a ukun, ina bambancin hagu da dama?

Gargaɗi: gidan da babu kowa a ciki bashi ne a wuyan mai nazariyya. Dole ya faɗi abin da ke ciki da dalilin da ya sa ba a gan shi ba tukuna. Cewa ya yi nauyi da yawa ba za a taɓa ganinsa ba, wannan zillewa ce.

7. Nemi hasashen da aka yi kafin awo

Duba kwanan wata: yaushe aka rubuta fomular, yaushe aka yi awon? Dacewa da abin da aka riga aka sani ba ta da tsada.

Ga wadda ta cancanci ka zauna ka lissafa. A farkon shekarun 1980 Yoshio Koide na Japan ya kawo alaƙa tsakanin nauyin ilektiron da 'yan uwansa biyu masu nauyi, muwon da tawu. A MeV nauyinsu 0.510999 da 105.6584 da 1776.86. Tara su, ka samu 1883.029. Yanzu ɗauki √ na kowanne: 0.714842 da 10.27903 da 42.15282. Tara waɗannan, 53.14669, ka ninka ta da kanta, 2824.570. Raba 1883.029 da 2824.570. Kalkuleta za ta nuna 0.66666, wato biyu bisa uku.

Bi da ita ta matakan baya. Ma'auni ya soke kansa, sama MeV ƙasa MeV. Gibin yana cikin kuskuren awon tawu. Zaɓin da aka zuba kaɗan ne. Kowane nauyi uku ka sa, amsar ba ta fita daga tsakanin ɗaya bisa uku da ɗaya, biyu bisa uku kuwa shi ne tsakiyarsu cif. Abin da ya fi duka, lokacin da Koide ya rubuta ta ana ɗaukar nauyin tawu wajen 1784 ne, fomular kuma ta nuna kusan 1777. A 1992 gwajin BES a birnin Beijing ya auna 1776.9. Awo ne ya koma wajen fomula.

Duk da haka kada ka ce an gama. A mataki na 5 tana ɗingishi, domin in aka mayar da nauyin ukun matakin makamashi ɗaya mai girma, dacewar takan ɗan kauce. Kuma har yau babu bayanin da masana suka haɗu a kai na dalilinta. Matsayinta ke nan: abin lura da ba a warware ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma akwai dalilin wannan taka-tsantsan. Ƙa'idar Titius da Bode ta nisan duniyoyi daga rana ta dace da Yuranus da aka gano a 1781, ta dace da Seres a 1801, sannan Neftun ta zo a 1846 ta karya ta. Nazariyyar SU(5) ta Howard Georgi da Sheldon Glashow ta 1974 kyakkyawa ce matuƙa, ta yi hasashen furoton zai ruɓe, aka gina manyan tankunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa a Amurka da Japan ana jira, ba a ga ko ɗaya ba. Siffarta mafi sauƙi ta faɗi, amma ta faɗi da mutunci, don ta faɗi abin da za a iya aunawa. A ɗaya gefen kuma, Johann Balmer, malamin makaranta a Basel, ya fito da fomular layukan hasken haidirojin a 1885 ba tare da sanin dalilinta ba, sai a 1913 Niels Bohr ya bayyana tushenta.

8. In fomular taka ce

Kafin ka gaya wa kowa, bincika ko an riga ka. Rubuta siffar fomular da sunan lambar a arXiv da INSPIRE-HEP, rumbunan takardun bincike ne a intanet, duka kyauta. Haɗe-haɗen π da ke ba da 137 an daɗe ana tattaka su.

In ta tsallake matakai bakwai ɗin, rubuta shafi ɗaya tak: fomular, lambar CODATA da shekarar jadawalin, gibin da aka raba da kuskuren awo, yawan siffofin da ka gwada har da waɗanda suka faɗi, da abu ɗaya da ba a auna ba tukuna wanda fomular ta faɗi ƙimarsa. Kai wa malamin fiziks ko lissafi a jami'a mafi kusa da kai, ka roƙe shi ya nemo inda ta karye. Kada ka fara da cewa ka rushe Einstein, daga nan zai daina karantawa.

Gargaɗi kan kuɗi: sa takarda a arXiv ba a biyan ko sisi, sai dai sabon marubuci yana buƙatar wani da ya riga ya wallafa a fannin ya tsaya masa. Shafin viXra yana karɓar kusan komai ba tacewa, don haka ganin takarda a can ba shaida ba ce. Manyan mujallun fannin ƙwayoyi irin su Physics Letters B da Journal of High Energy Physics ba sa cajin marubuci, wani haɗin gwiwa mai suna SCOAP3 ne ke ɗaukar nauyin. Mujallar da ta turo maka imel tana yabon aikin da ba ta gani ba, ta ce za ta buga cikin kwana uku in ka tura dala, kuɗinka take so. Kada ka tura.